Jan Ƙyalle a Bayan Sona

Sonaullah Tantre bai taɓa mallakar farar riga ba sai ta Idi, ita ma da an sauko daga masallaci yake tuɓe ta ya miƙa wa matarsa ta mayar akwati. Sauran kwanakin shekara da riga ɗaya mutanen Sarwan suka san shi, feran, doguwar rigar ulu mai faɗin hannuwa wadda kowa ke sawa a Kashmir. Abin da ya raba tasa da ta sauran mutane launi ne. Wanda ya ce toka-toka ce bai yi ƙarya ba, wanda ya ce ruwan ƙasa ce shi ma bai yi ƙarya ba. Launin duwatsun kogin Biringi ne a lokacin da ruwa ya janye daga kansu, rana ta fara busar da su.

Sana'arsa rakiyar masu fatsa, tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. A saman Biringi doka ta hana taru, ta hana tana da ƙullin gari. Abin da aka yarda a jefa wa kifi shi ne ƙudan ƙarya, wato 'yar ƙugiya da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da ke faɗowa kan ruwa. Baƙo zai yanki takardar izini a birni, ya zo da sandarsa, a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san inda tirawut ke kwanciya. Kifi ne mai ɗigo-ɗigon ja a gefe, ga tsoro kamar ɓarawon kaji. Aikin Sona, kamar yadda ake kiransa, shi ne ya zaɓi ƙudan da ya dace da ranar, ya nuna inda za a jefa, ya kwance zare idan ya sarƙe a reshe, in kifi ya gaji ya sa homa ya ɗauko shi. Baƙon da hannunsa ya ƙi, Sona kan karɓi sandar ya ce bari ya duba ko zaren ne ya sami matsala. Kafin ya mayar masa da ita, kifi na rawa a ƙarshenta.

Daga mahaifinsa ya gaji aikin, daga shi kuma ya gaji maganar tufa. Tsohon kan ce kifi ba shi da fatar ido, bai taɓa runtsawa ba tun da aka halicce shi, don haka wanda zai zo bakin ruwa da farar riga gara ma ya taho da ganga a san ya iso. Sona ya riƙe wannan fiye da yadda tsohon ya riƙe. Ba ya ɗaura agogo. Idan ƙarfen sandar baƙo na ƙyalli, sai ya shafe shi da taɓo ba tare da ya nemi izini ba. Da gemunsa ya yi fari, sai ya riƙa cusa shi cikin wuyan riga kafin ya sauka ruwa.

Rinin rigar aikin matarsa ne, Fazi. Kowace kaka idan an kaɗe itatuwan dun, masu 'ya'ya kamar gyaɗa mai taurin ƙoƙo, takan tara koren ɓawon 'ya'yansu, wanda ke baƙanta hannu na kwanaki, ta dafa a tukunya da ɗan toka, ta tsoma rigar. A tagar ɗakin girkinsu akwai wani dutse kamar girman gurasa, wanda Sona ya ɗauko daga kogi shekarar aurensu. Shi ne ma'auni. Fazi ta tsamo rigar ta shanya, ta kawo dutsen ta ɗora a kai, ta ja baya zuwa bakin ƙofa. Idan daga can ana iya cewa ga riga ga dutse, to da saura, sai a mayar tukunya.

Ba ta taɓa ƙorafin rinin ba. Abin da take mita a kai shi ne bakin rigar na ƙasa, domin daga nan Sona ke zaro ulun da yake naɗa jikin ƙudajensa. Rigar da aka ɗinka tana taɓa idon sawu sai a wayi gari ta doshi gwiwa.

"Baban Nasima," takan ce, don ba ta kiran sunansa, "a haka wata rana da ɗan kamfai za ka dawo mini."

"Kifin ne ke so."

"To ka ce masa ya aiko da yadi."

Haka suka rayu. Rabin shekara yana cikin ruwa, rabi yana gida yana naɗa ƙuda da gyaran 'yan itatuwan tuffa da ke bayan gida. Da fatsar aka rufa gidan da kwano, da ita aka aurar da 'yarsu Nasima zuwa Anantnag. Gidan na ƙarshen gari a kan tudu, tagar benensa na kallon kogin yana gangarowa daga tsaunuka, ya ratsa ƙarƙashin gadar katako, ya iso gari.

Wata kaka, ana gab da rufe fatsa, ruwa ya ja baya ya yi garau, Sona ya fita shi kaɗai da safe don ya leƙa wani gurbi a sama da gadar, saboda yana da baƙo washegari. Ya taka dutsen da ya taka sau ba adadi, gansakuka ta kwashe ƙafarsa. Ya faɗa tsakanin manyan duwatsu biyu. Idon sawunsa ya karye, haƙarƙarinsa ya bugu har numfashi ya zama aiki. Ya gwada kira, muryar ba ta wuce gemunsa ba, ga kogin da ƙararsa.

Da azahar ta wuce bai dawo cin abinci ba, Fazi ta gangara rumfar Jabbar Malla mai shayi, a bakin gada, abokin Sona tun suna yara. Jabbar ya sauke tukunya, ya tara maza, suka kasu biyu suka bi gaɓa da gaɓa suna kiran sunansa. Ta saman inda yake suka wuce. Ya ji takunsu, ya ga ƙafar wandon ɗaya daga cikinsu. Can sai Fazi da kanta ta hau gadar, ta dafa katako, ta kare rana da tafin hannu, ta daɗe tana bin kogin da kallo. Idonta ya bi ta kansa ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Shi yana ganinta sarai. Ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa, amma hannun na cikin hannun riga. Duwatsu kawai ta gani.

Sai da rana ta yi sanyi wata makiyayiya ta gangaro da awakinta shan ruwa. Akuya ɗaya ta tsaya tana jan wani dutse da baki, dutsen ya yi nishi.

Lokacin sanyi duka a kwance ya yi shi kusa da murhu, ƙafa a ɗaure, kangiri, 'yar tukunyar garwashi, a cikin riga. Jabbar kan leƙo da rana idan ciniki ya lafa.

"Wallahi mutumina," ya ce masa ran nan, "na ga dutsen nan da idona. Har na ce wannan da laushi zai yi, bari in zauna in huta."

"Da ka zauna da sauran haƙarƙarin ma ya tafi."

"Shekara da shekaru kana cewa kifi kake ɓuya wa. Ashe mu ka fi ƙwarewa a kai."

Sona ya yi dariya har ya dafe gefensa. Fazi tana zuba musu shayin gishiri, ba ta taya su ba. Duk tsawon sanyin ba ta ta da maganar ba. Abu ɗaya ya lura da shi daga inda yake kwance: dutsen taga ba ya nan. Bai tambaya ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, ƙafar ta warke sai ɗan ɗingishi, ya sauko da akwatin ƙudajensa ya baje a tabarma yana ware waɗanda asu ya ci. Fazi ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a leda, ta ajiye a gabansa. Nasima ce ta aiko. Riga ce ta roba mara hannu, launin lemun zaƙi mai kashe ido, irin ta ma'aikatan titi.

"Wannan fa?"

"Taka ce. A saman feran za ka sa."

Ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Fazi, wannan ko kifin da ke teku sai ya hango ta."

"Ni ma zan hango ta."

"Sau ɗaya fa na faɗi a duk rayuwata."

"Ni ma sau ɗaya na tsaya a gadar can ina kallonka ban gan ka ba. Ya ishe ni." Ta zauna ta jawo faifan shinkafa tana tsince tsakuwa. "Ban hana ka kogi ba. Amma da hannuna na rina abin da ya ɓoye mini kai. Ranar da ka sake sauka ruwa ba tare da abin da zan hango ka da shi ba, wajen Nasima zan koma. Ba zan zauna a taga ina ƙirga duwatsu ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ne, da ya san yadda zai yi da shi.

Baƙonsa na farko a wannan shekarar shi ne Likita Raina, tsohon likitan haƙori daga Srinagar, wanda ya ajiye aiki ya bar wa kansa fatsa. Mutum ne mai haƙuri da hannu mai kyau, aibinsa ɗaya a wurin Sona: farar malafa. Sun daɗe suna wannan gardama ba wanda ya saki.

"Da hular nan nake kama kifi tun kafin gashina ya zube," Likita kan ce. "Ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara."

"Masu ƙarar ba ka gan su ba, ranka ya daɗe. Sun gudu tun kana kan gada."

Ranar buɗe fatsa Sona ya sa rigar roba a saman feran, Fazi na tsaye a ƙofa. Hanyar kogi ta gaban rumfar Jabbar ta bi, kuma bencin cike yake da masu karin kumallo.

"Barka da asuba, injiniya," in ji Jabbar. "Ina za a zuba kwalta yau?"

"A bakinka."

"Ku ba shi hanya, jama'a, aikin gwamnati ne."

Da suka wuce gada, Sona ya tsaya a gindin wata bishiya da ke bakin ruwa, ya waiwaya ya tabbatar ana hango ta daga tagar gidansa. Ya tuɓe rigar, ya rataye ta a reshe daidai tsayin mutum.

Likita ya dube shi. "Uwargida ta san da wannan tsarin?"

"Ita za ta ga riga hankalinta ya kwanta, kifi ba zai gan ni ba. Kowa ya samu."

"Ni dai babu ni a ciki."

A ransa Sona bai ɗauki abin yaudara ba, har gani yake ya kyauta mata. Suka bi ruwa suka yi sama, gurbi bayan gurbi, yadda ake yi. Ranar ta yi kyau. Sai bayan azahar suka dawo ta hanyar gaɓa ɗaukar rigar.

Ba ta kan reshe. Fazi ce zaune a gindin bishiyar, rigar a ninke a cinyarta. Wandonta a jiƙe yake har gwiwa, takalminta ɗaya ya tsinke. Matar da hawan bene ma sai ta dafa bango.

"Kai ba ka daɗewa a gurbi ɗaya," ta ce. "Na ga ba ta motsa ba tun hantsi. Na duba ƙarƙashinta, dutse bayan dutse."

Likita ya cire hularsa ya gaishe ta, ya ce zai je ya ga ko Jabbar na da sauran shayi. Sona ya tsaya da homa a hannu. Ta miƙa masa rigar, ta dafa bishiyar ta tashi, ta kama hanyar gida ba ta jira shi ba.

Da ya shiga gida ya tarar da akwatinta na ƙarfe a tsakar ɗaki, a buɗe, kayanta a ninke a ciki.

"Ba zan sake rataye ta ba," ya ce.

"Mu gani."

Ba ta tafi ba. Akwatin ma ba ta mayar ƙarƙashin gado ba. Ta rufe shi ta tura shi bayan ƙofa, inda duk mai fita sai ya gan shi.

Daga ranar ya sa rigar bil haƙƙi. Makonnin farko ba abin da ya faru. Narkakkiyar ƙanƙara ta cika kogin, ruwan ya yi kauri kamar ruwan wankin shinkafa, baƙi na kama kifi yadda suka saba. Likita ya dawo, ya kama manya, ya ce, "To, malam, ina masu ƙarar?"

"Ruwan a gurɓace yake. Bari ya kwanta."

Da zafi ya yi nisa ruwan ya kwanta, ya zama ana ƙirga tsakuwar ƙasansa daga kan gada. A nan aikin ya fara ƙin Sona. Yakan lallaɓo bayan gurbi yadda ya saba, kafin baƙo ya ɗaga sanda sai a ga inuwoyi sun watse sun shige ƙarƙashin duwatsu. Abin da ya kore su, ba wanda zai iya rantsuwa a kai. Sona ya ce launin ne. Likita ya ce ƙila ƙyallin robar ne idan rana ta doke ta, domin launi kaɗai bai taɓa hana shi ba. Jabbar ya ce ƙafar ce, mai ɗingishi ba ya taka tsakuwa shiru, kuma kowa ya san kifi na jin taku. Mai yiwuwa duk ukun suna da rabonsu na gaskiya. Abin da ba a musu a kai shi ne, Sona ya daina yarda da jikinsa. Ya koma tsayawa can baya a kan gaɓa, yana nuni da hannu, yana ɗaga murya, shi da ya saba raɗa wa baƙo a kunne.

Wata safiya Likita ya kama wani babba a gurbin da ke ƙasan dutsen nan inda Sona ya faɗi. Ya yi ta fama da shi har ya gajiyar da shi, ya jawo shi bakin ƙafarsa, ya waiwaya neman homa. Homar na hannun Sona, Sona na can nesa a bayan wani kurmi inda ya ɓoye rigarsa daga idon ruwa. Kafin ya ɗingiso, kifin ya yi juyi ɗaya ya tafi da ƙudan.

"Ba komai," in ji Likita. "Ya ƙara girma kafin baɗi."

Da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Sona ya raka shi mota, ya dawo gida, ya rataye homa a ƙusa, ya ninke rigar roba ya ɗora a kan akwatin da ke bayan ƙofa.

"Na cika alkawari, ban sake cire ta ba," ya ce wa Fazi. "Amma na bar kogi. Ba zan riƙa karɓar ladan aikin da ba na yi ba."

Ta dube shi, ta dubi rigar. "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ce.

Kwanakin da suka biyo baya Fazi ta sami abin da ta daɗe tana roƙo, miji a gida. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya shiga lambunta ya tuge ganyen miya da sunan ciyawa. Ya zauna yana naɗa ƙudajen da ba wanda zai jefa, ya kwance, ya sake naɗawa. Shinkafar da take zuba masa rabi ke dawowa. Rumfar Jabbar ma ya daina zuwa, domin daga bencin ana ganin baƙi suna wucewa da wasu 'yan rakiyar. Da hantsi sai ya hau bene ya tsaya a tagar da ta saba tsayawa.

Can ta same shi wata rana, ta hau da ƙyar tana dafa bango. Ta tsaya kusa da shi. A ƙasa wani baƙo na jefa zare, ɗan rakiyarsa a durƙushe a gefensa.

"Wancan wane ne?" ta tambaya.

"Ɗan gidan Wani. Ya tsaya inda inuwarsa za ta faɗa kan ruwa, dubi."

"Ni ƙeyarsu kawai nake gani. Kullum ƙeya. Kai ma da kake sa rigar, ban taɓa ganin gabanta daga nan ba."

"Ai dole. Kifi inda ruwa ke fitowa yake fuskanta, yana jiran abin da zai kawo masa. Ta bayansa ake zuwa masa, ana hawa sama. Wanda ka wuce ka gama da shi."

"To wanda ba ka kai gare shi ba, in ya waiwayo, me zai gani?"

"Kifi ba ya waiwaye, idonsa ne a gefe."

"Na ji. Me zai gani?"

"Gabana. Ƙirji, hannuwa."

"Bayanka fa, wa yake kallo?"

Ya dubi kogin. "Gida," ya ce.

Ta juya ta bar tagar. Ta sauka, ya ji tana jan akwatin daga bayan ƙofa. Ya biyo ta da sauri iya abin da ƙafar ta yarda. Ya tarar ta kwashe kayan sama ta ajiye a gefe, ta zaro wani jan yadin ulu daga can ƙasa, ragowar rigar amarcin da aka kawo ta gidan da ita, don a can ja amarya ke sawa. Jan bai koɗe ba, don bai ga rana ba tun lokacin. A ƙarƙashinsa ga dutsen taga. Ta ɗauko shi ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

"Mayar da wannan wurinsa, ka tuɓe mini rigar."

Ta shimfiɗa feran rub da ciki a tabarma, ta gwada yadin daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta sa almakashi. Sona ya tsuguna yana kallo.

"Kar ya zagayo gefe."

"Na sani."

"Ki bar kamar faɗin hannu daga hammata."

"Baban Nasima, ka je ka tuge mini sauran ganyen miyar."

Kafin la'asar ta gama ɗinke jan a bayan rigar. Ya sa rigar ya tsaya a gabanta. Daga gaba dutse ne yadda ta saba rina shi. Ta ce ya juya, ya juya. Ta ja baya har bakin ƙofa, ta fita tsakar gida, ta kai har bakin lambu tana waiwaye.

"Idan na kwanta da bayana fa?" ya tambaya da ta dawo. Gara ya faɗa da bakinsa.

"In ja ya ɓace, na san inda ya ɓace. Can zan aika su, ba kogi duka ba."

Washegari ya aika wa Likita cewa ya dawo aiki. Ranar da suka fita, bencin Jabbar cike yake kamar an yi gayya. Suka amsa sallamarsa lafiya lau, har ya wuce. Sai kuma suka ga bayansa.

"Ikon Allah," in ji Jabbar. "Sona, wa ya biya sadakin?"

"Sha shayinka."

"Ku tashi mu raka amarya, jama'a. Gidan miji a ina, sama da gada?" Ya biyo shi da ludayi a hannu. "Tsaya mana in tambaye ka. In ka faɗi rigingine fa?"

"An ba ni umarni in faɗi rub da ciki."

Sunan ya bi shi. Har yau a Sarwan in baƙo ya nemi Sonaullah Tantre sai an yi ɗan tunani, amma in ya ce Amaryar Biringi kowa zai nuna masa gidan kan tudu. Sona bai taɓa amsa sunan ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

A ruwa ya koma wurinsa na da, dab da kafaɗar baƙo, gemu a cikin wuyan riga, murya ƙasa-ƙasa. Ɗingishin na nan, sai dai ya koyi ajiye ƙafar a hankali. Sun kama kifi a ranar, ba da yawa ba, daidai abin da ruwa mai haske ke bayarwa. Gardamar ba ta mutu ba. Likita ya ce tun da mutum mai jan baya na kama kifi, ai farar malafa ta fita daga zargi. Sona ya ce malafar a gaba take da baya. Idan sun kai lanƙwasar da gidan ke ɓacewa daga gani, Sona kan tsaya ya ba gari baya na ɗan lokaci, ya ɗaga homa sama, sannan ya wuce. Likita bai taɓa tambayar dalili ba.

Da kaka ta zo aka kaɗe itatuwan dun, Fazi ta ɗora tukunyar rini. Ta zauna da reza za ta warware jan ƙyallen kafin ta tsoma rigar, don kada ɓawon ya ɓata shi. Sai ta ga kusurwar ƙasa ta hagu ta zazzage, zare ya fita da yawa, kuma ba irin fitar da ƙaya ke yi ba. Ta jawo akwatin ƙudajensa ta buɗe. Layi guda cur, kowane ƙuda jikinsa launin dutse, da ɗan guntun ja a wutsiya.

Sona na bakin ƙofa yana goge sanda.

"Baban Nasima, wane ɓera ne ke cin jan nan?"

"Kifin ne ke so."

"Kifin da ka ce yana gudun ja?"

"A jikin mutum yake gudunsa. A ƙugiya, in kaɗan ne, har rububi suke."

Ta juya ƙyallen a hannu tana auna abin da ya rage. Da saura da yawa. Ta lashi zare ta zura a allura, ta fara kalmashe gefen sama da na kafaɗu, ninki biyu, ɗinki ƙanana. Gefen ƙasa ta bar shi a sake.

"Daga nan za ka riƙa zara," ta ce. "Tsakiyar tawa ce."